Tarihin Kan Sarƙar Itace da Duwatsun Ado a Ƙasar Hausa: Waiwaye Daga Barikin Bauci

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kayan da 'yan koli kan shimfiɗa a bakin otal-otal da unguwannin manyan ma'aikata a biranen Arewa akwai wani ɗan ƙaramin abin wuya na itace. Yawancinsa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Akan yi masa siffar ƙwai ko ta ɗigon ruwa, a naɗe wuyansa da siririyar waya, a jera masa 'yan duwatsu dama da hagu, sannan a rataye shi a tsirkiyar fata. Mai sayarwa kan ce kayan gargajiya ne, mai saye kuma ya karɓa a haka. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan magana. Za a nuna cewa sassan abin guda uku, watau itace da dutse da waya, kowannensu yana da tsohon tarihi a ƙasar Hausa, amma haɗuwarsu a jiki ɗaya sabon al'amari ne, kuma kasuwar Bariki, wadda yanzu ake kira GRA, tana da hannu babba a wannan haɗuwa. An ɗauki Bauci a matsayin madubi saboda ƙasarta ta ba da itace da ƙarfe, kuma birninta ya ga dukkan sauye-sauyen da za a ambata.

A nan, "kan sarƙa" na nufin abin da ke reto a tsakiyar abin wuya. "Sassaƙar juyi" kuwa suna ne da aka ba aikin da ake yi wa itace yayin da yake juyawa tsakanin tsinaye biyu, ana dafa masa kaifin ƙarfe har ya yi siffar da ake so.

2.0 Abin Wuya a Al'adar Bahaushe

Tun asali, abin da Bahaushe ke ratayawa a wuya yana yin ɗayan ayyuka uku: ko tsari, ko ibada, ko ado. Na tsari shi ne laya, wadda malam ke rubutawa, baduku ya ɗinke ta da jar fata, a rataya wa yaro ko matafiyi ko doki. Na ibada shi ne carbi. Na ado kuwa shi ne tsakiya da murjani da sarƙar azurfa da liyari, watau kuɗin azurfan nan na ƙasar Ostiriya mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780, wanda mata suka mayar kan sarƙa. Wannan kashi na uku dukiya ce ta mace. Da shi ake cika lefe, shi uwa ke bar wa 'yarta, shi kuma ake kaiwa kasuwa ranar da gida ya shiga matsi.

Idan aka lura da wannan rabe-rabe, za a ga itace ba shi da gurbi a kashin ado. Dalili kuwa a fili yake: abin da ake ajiyewa don ranar wuya dole ya kasance mai wuyar samu, ga shi kuwa itace yana bayan gidan kowa. Ƙofa ɗaya da itace ya bi ya hau wuyan mutane da daraja ita ce ta carbi, kamar yadda za a gani nan gaba.

3.0 Duwatsun Ado

Cikin sassan uku, dutse ne ya fi barin shaida a ƙasa, domin gara ba ta cin sa. Gumakan yumɓun Nok, waɗanda aka fara tsinta a ramukan kuza a 1928, suna nuna mutane saye da duwatsu jere bisa jere a wuya da ƙugu da hannu, alhali shekarunsu sun haura 2,000. A Igbo-Ukwu, haƙar da Thurstan Shaw ya fara a 1959 ta fito da duwatsun ado fiye da 165,000 na gilashi da jan dutse, waɗanda aka danganta da wajejen ƙarni na 9 zuwa na 10. A cikin ƙasar Hausa kanta, kusheyin Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani ta Katsina, waɗanda H. R. Palmer ya fara tonawa a 1907 aka kuma sake tonawa a 1992, sun ƙunshi jajayen duwatsu da na gilashi da wuri da kayan ado na zinariya. Wannan ya tabbatar da cewa ƙarnoni kafin Jihadi masu mulkin ƙasar Hausa suna cikin cinikin duniya.

Ta hanyoyi uku dutse ke shigowa. Ta farko ita ce ta Sahara. Jan dutsen da ake gyarawa a Kambat ta ƙasar Indiya ya daɗe yana isowa ta Masar da Makka. A ƙarni na 19 masu gyaran dutse na garin Idar-Oberstein a Jamus suka shiga cinikin, suna sassaƙa irin kan sarƙar nan mai zobe a sama da tsini a ƙasa da Hausawa ke kira talhatana. Ba a daɗe ba masana'antun gilashi na Bohemiya suka kwaikwaye ta da araha. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa duwatsun ado cikin manyan hajojin da ayari ke kawowa daga Turai, tare da allurai da madubai da ruwan takubba.

Hanya ta biyu ita ce ta Nufe. Masagan Bida sun shahara da narka gilashi su yi duwatsu da ƙarau, kuma da kwalaben Turawa suka yawaita sai suka riƙa narka su su ma. S. F. Nadel ya yi bayanin tsarin sana'arsu a littafinsa na 1942. Hanya ta uku kuwa fataken Hausa ne da kansu ke riƙe da ita. Su ne ke ɗauko jan dutsen lantana daga gaɓar Kwara, a yankin da yau yake Jamhuriyar Nijar, su kai wa masu huda shi da goge shi a Ilori, sannan su sayi gyararre su bazu da shi. Sana'ar ta bunƙasa a ƙarni na 19, ta kuma durƙushe a wajejen shekarun 1930.

Wanda ya haɗa waɗannan hanyoyi da ɗakin matar aure shi ne ɗan koli. Shi ke saye da yawa a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya bi kasuwannin ƙauye da allura da zare da tozali da tsakiya, dillaliya kuma ta shigar da kayan gidajen kulle. Ya kamata a riƙe wannan mutum a zuci, domin shi ne zai sake bayyana a ƙofar Bature.

4.0 Waya da Maƙeran Fari

Bahaushe ya kasa ƙira gida biyu. Maƙeran baƙi su ne masu fartanya da gatari da mashi. Maƙeran fari kuwa su ne masu azurfa da tagulla da jan ƙarfe, masu zobe da munduwa da warwaro da kayan doki. Ƙarfensu ma daga nesa yake zuwa. Ibn Battuta, wanda ya sauka a Takadda a 1353, ya ce ana zuba jan ƙarfe a can sanda-sanda, masu kauri da sirara, ana ciniki da su kamar kuɗi, ana kuma kai su Gobir da Barno. A 1964 Théodore Monod ya gano kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya, cikinsu har da sandunan tagulla fiye da 2,000, waɗanda aka ƙiyasta sun kai ƙarni na 11 ko na 12.

Daga irin wannan sanda maƙerin fari ke fitar da waya. Yakan buge ta bisa uwar maƙera har ta sirance, ya fiƙe bakinta, ya zura a wani faifan ƙarfe mai ƙofofi manya da ƙanana, ya kama da awartaki ya ja. Daga kowace ƙofa sai wadda ta fi ta ƙanƙanta. Da yake ƙarfe kan taurare in an ja shi, dole a riƙa mayar da shi wuta lokaci-lokaci don ya yi laushi, in ba haka ba ya tsinke. Wayar da ta fito ita ake murɗawa biyu-biyu a yi warwaro, ko a lanƙwasa a yi 'yan kunne.

A wannan fage ƙasar Bauci tana da abin faɗa na musamman. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Ririwan Dalma suna wanke kuza a rafuka, su narka ta, su zuba a 'yan ramukan da aka huda da tsinken ciyawa, ta fito sirara kamar tsinke. Da waɗannan tsinkayen kuza fatake ke zagaya kasuwanni, maƙera na saye suna yi wa tagulla farin rufi da sauran kayan ado. Ganin su a kasuwannin bakin Binuwai ne ya sa Kamfanin Neja ya shiga neman tushensu, har ya tura masu bincike a 1902, shekarar da sojojin Ingila suka shiga Bauci. Cikin 'yan shekaru kamfanoni suka mamaye filayen kuza, matoyan Ririwai suka mutu. Ƙarfen da ya yi ado a gida shi ya jawo baƙin da suka kashe sana'arsa.

Dasa waya a jikin itace kuwa fasaha ce da aka fi sanin maƙeran Muritaniya da na Buzaye da ita. Sukan tsaga siririn layi a jikin baƙin itace, su kwantar da wayar azurfa a ciki, su daddanna ta, su goge har itace da ƙarfe su zama fuska ɗaya. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun kashe dabbobin iyayen gidan waɗannan maƙera, suka tilasta wa da yawansu gangarowa birane irin su Agadas da Yamai da Kano, inda suka koma yi wa baƙi aiki. Ta haka wannan salo ya ƙara yaɗuwa a kasuwannin Arewa.

5.0 Itace: Daga Gizago Zuwa Juyi

Masassaƙin Hausa da gatari da gizago ya san aiki. Daga gungume ɗaya yake fitar da turmi ko akushi ko kujera, ba haɗi ba ƙusa. Ya san halin kowane itace: ƙirya don turmi da taɓarya saboda taurinta, aduwa don allo, kanya da marke don abin da ake so ya jure, maɗaci da madobiya don kyan launi. Adonsa shi ne ƙuna, watau ya ɗora ƙarfe mai zafi ya baƙanta akushi ko ya zana shi. Duk kewayen da aka gani a turmi, ido da hannu ne suka fitar da shi. Injin juya itace ba ya cikin kayan aikin da ya gada.

A arewacin Sahara kuwa sassaƙar juyi tsohuwa ce ƙwarai. Akwai hotonta a kabarin Petosiris a Masar, na wajejen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masu aikin Alƙahira da Marrakush sun yi amfani da baka mai tsirkiya: a naɗe tsirkiyar a jikin itacen, hannu ɗaya na kai baka yana komowa, ɗaya hannun da yatsun ƙafa na riƙe da ƙarfen yanka. Da wannan 'yar dabara aka yi dubban 'yan sandunan da ke tagogin tsofaffin gidajen Alƙahira, da ita kuma aka yi 'ya'yan carbi.

Saboda haka, itacen juyi na farko da Bahaushe ya saba da shi carbi ne, wanda alhazai da fataken Larabawa ke kawowa. Akwai na sandal mai ƙanshi, akwai na baƙin itace, akwai kuma na yusur, watau baƙin murjanin Bahar Maliya da ake dasa wa ɗigon azurfa. Yaɗuwar ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya ya faɗaɗa kasuwarsa, har tsarin wuridi ya shiga ƙirarsa: carbin Batijjane yana da alamomi a kan 12 da 30 da 50, daidai da adadin abin da ake karantawa a wazifa. Abin lura a nan shi ne dogon ɗan da ke kan carbi, inda bakin zare biyu ke haɗuwa, wanda Turkawa ke kira da sunan liman. Duk wanda ya ajiye shi kusa da kan sarƙar itace na yau zai ga kamar uwa ɗaya ta haife su: ga wuya, ga ciki, ga ƙofar zare. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, daga nan idon mai yi da na mai saye suka saba da siffar.

Injin kansa ya samu gindin zama ne a zamanin Turawa. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, inda aka koyar da kafinta tare da ƙira da dukanci. Daga baya ma'aikatun gine-gine na gwamnati da na jirgin ƙasa da makarantun koyon sana'a suka yaye kafintoci masu juya ƙafar tebur da ta gado. Guntayen da suka rage daga wannan aiki, waɗanda ba su isa komai ba sai wuta, su ne abin da ƙaramin kan sarƙa ke bukata.

6.0 Bariki a Matsayin Kasuwa

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauci a 1809, ya kewaye shi da ganuwa. Eduard Vogel ya ziyarce shi a 1855, Gerhard Rohlfs kuma a 1867, lokacin yana babbar mahaɗar fatake tsakanin Kano da Binuwai da Adamawa. Kasuwar ado ta wancan zamani ta cikin ganuwa ce, masu sayenta kuma fada da attajirai da iyayen amare.

Da Turawa suka zo, sai suka zauna a waje. Dokar tsarin garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta tanadi a ware wa Turawa unguwa, a bar fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, bisa hujjar gudun sauro da zazzaɓi. Wannan ita ce Bariki. Doka ta hana ɗan ƙasa zama a cikinta in ba bara ba ne, amma ba ta hana ɗan koli shiga da rana ba. A duk faɗin Nijeriya, har ƙasashen maƙwabta, an san Bahaushen da kan zo da ƙunshinsa, ya yi sallama, ya shimfiɗa kaya a barandar Bature: tasoshin Bida, da titimin fata, da wuƙaƙe, da duwatsu.

Wannan sabon mai saye ya sha bamban da na cikin gari ta fuska uku. Na farko, ba ajiyar dukiya yake nema ba, tsaraba yake nema, don haka nauyin azurfa bai dame shi ba. Na biyu, yana son abu ƙarami marar nauyi da zai shiga akwati. Na uku, yana son abin da zai nuna a gida a ce lalle daga Afirka ya zo, kuma a idonsa baƙin itace ya fi sarƙar zinariya cika wannan sharaɗi. Itacen da amarya ba za ta karɓa a lefe ba sai ga shi ya yi kasuwa. Ɗan koli, wanda ya san abin da ke tafiya, shi ya riƙa haɗa hannuwan da a da ba sa haɗuwa: ya karɓi itace a wurin kafinta, waya a wurin maƙeri, tsirkiya a wurin baduku, ya ɗebo dutse daga tasa hajar. Hannu ɗaya, in ji masu iya magana, ba ya ɗaukar jinka.

Bayan samun mulkin kai kasuwar ta ƙara faɗi. Jirgin ƙasa ya iso Bauci a 1961. An buɗe gandun dajin Yankari ga masu yawon buɗe ido a 1962, Bauci ta zama zangonsu. A 1976 birnin ya zama hedikwatar jiha, manyan ma'aikata suka cika tsohuwar GRA har aka yanka sabuwa. Kamfanin haɗa motoci na Steyr da jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a 1980 sun kawo baƙi daga ƙasashe da dama. Bikin FESTAC na 1977 kuma ya sa 'yan bokon gida su ma suka fara ɗaukar kayan hannu a matsayin abin alfahari.

7.0 Koma-baya

Abubuwa huɗu suka taru suka raunana sana'ar. Na farko, faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta sa azurfa ta gagari ƙaramin maƙeri, ya koma ga sanholo da wayar da ake warwarowa daga tsofaffin injuna. Na biyu, roba ta maye gurbin dutse. Jigidar da a da ake gogewa daga ɓawon ƙwarar manja ta koma ta roba, carbin roba na ƙasar Sin ya cika kasuwa, daga baya kuma ɗan ƙirgen da ake maƙalawa a yatsa ya zo ya rage wa carbin kansa ciniki. Na uku, rikicin da ya ɓarke a Bauci a watan Yulin 2009, ya kuma bazu a Arewa maso Gabas, ya janye ƙafar baƙi na tsawon shekaru. Na huɗu shi ne ƙarewar itace. Masu gawayi sun bi ƙirya, masu fitar da gungume zuwa ƙasar Sin kuma sun bi madobiya, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu.

Akwai kuma asarar da ta fi shafar masu nazarin harshe. Kowane irin dutse yana da sunansa, kowane ƙarfen aiki yana da nasa. Yau matasa da yawa da "bid" suke kiran dukkan duwatsu, talhatana kuwa sai a ƙamus. In abu ya ɓace, sunansa kan bi shi, da karin maganar da aka gina a kansa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa dutsen da ke jikin kan sarƙar itace ya fi birnin Bauci tsufa nesa ba kusa ba, wayarsa gadon maƙeran fari ce, siffarsa ta biyo carbi, injin da ya juya shi ya zo da Turawa, wanda ya haɗa su kuwa ɗan koli ne da ke neman abincinsa a barandar Bariki. Saboda haka, mai cewa kayan kaka da kakanni ne ya yi ƙari, mai cewa kayan Turawa ne kuma ya yi ragi. Ɗan ƙarni na 20 ne da aka haifa a gidan tsofaffin sana'o'i, kuma wannan ba aibi ba ne, domin liyari ma daga Ostiriya ya zo kafin ya zama na Hausa.

Abin da ya rage shi ne aiki. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su tura ɗalibai wurin tsofaffin 'yan koli da maƙeran fari na Kasuwar Wunti da ta Kurmi, a rubuta sunayen duwatsu da na kayan aiki tun masu su suna raye. Ya kamata gidajen tarihi irin na Jos da Gidan Makama su riƙa ajiye irin waɗannan ƙananan kaya tare da sunan wanda ya yi su da garinsa da shekarar yi. Hukumomin gandun daji kuma su sa ƙirya da kanya da madobiya cikin itatuwan da ake rabawa don dashe, domin masassaƙin da zai yi aiki da su nan da shekara 40 ya tarar da abin sara.